Iya Alami da Talabijin ɗin Suruki

A Mokola, layin masu buga takardu, in ka ce kana neman Ashake Oyelude sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce Iya Alami, ko mai gasa agada a bakin titi za ta nuna maka ƙofar, ta kuma ja maka kunne ka gyara bakinka kafin ka shiga.

Sunan na nufin mai alama, kuma guminta ne ya sama mata shi. Yarabanci a baki ba ya ba kowa wahala, a takarda ne yake da neman magana: ga ɗigon da ake sa wa wasu haruffa a ƙasa, ga 'yan sandunan da ake ɗora musu a ka don a san inda murya za ta hau da inda za ta sauka. Yawancin masu shago a layin ba ruwansu, su zubo haruffa tsirara su ce ai mai karatu ya san abin da ake nufi. A wurin Ashake wannan daidai yake da mace ta fita kasuwa babu ɗankwali. Gaskiyarta kuwa, sai dai da za ta riƙa faɗa ba tare da ta haɗa da iyayen mutane ba, da ta fi yawan abokai.

Tun tana budurwa ta koyi tafireta a wata makaranta a Oke-Ado, benci ɗaya da wata yarinya mai surutu wadda yanzu ake kira Mama Kofo. Tafiretar wancan zamani ba ta san ɗigo ba, don haka in Ashake ta gama buga shafi sai ta zare shi, ta ɗauki biro mai tsinin baki, ta bi harafi bayan harafi tana ba kowa nasa. Da wannan biro ta yi suna. Masu coci suka riƙa kawo mata takardun waƙoƙinsu, masu walimar sauka suka kawo nasu, 'yan biki da 'yan jana'iza kuwa ba a magana. Ta auri Akanmu, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin da zai wuni bai yi magana goma ba, suka haifi 'ya ɗaya, Morayo. Da kwamfuta ta shigo gari furfura ta riga ta fara leƙo mata, aka ce ta ajiye aiki ta bar wa yara. Ta ce yaran da ba su san ƙasan harafi daga samansa ba? Ta sayi tata ta koya, tana zagin na'urar na'urar tana jure mata, har suka saba.

Allon kwamfutar nan irin mai doguwar ƙeya ne, mai zafi kamar murhu, ya cinye rabin teburi. Ya daɗe yana yi mata bauta. Wata safiya ya yi ƙara, ya yi warin ƙonanniyar roba, ya ɗauke, mai gyara ya duba ya ce a yi masa addu'a kawai.

Labari ya kai Legas wurin Morayo, ba a rufa mako ba sai ga mijinta Dotun a ƙofar shago, da wani kwali da mutum biyu suka shigo da shi a karkace. Ya zube ƙasa rub da ciki ya gaishe ta, farar rigarsa tana shan dattin daɓe, mutanen layi duk sun fito suna kallo.

"Mama, an ce allonku ya mutu. Na ce ba za a ce ina raye Mamana tana leƙen abu kamar tagar kurkuku ba. Wannan talabijin ce, amma waya ɗaya za a sa ta zama allon kwamfuta. Haka muke yi a ofis."

Aka buɗe. Faɗinta ya kusa kai ƙyauren shagon. Aka kafa ta a kan teburin da tsohon allon yake, aka jona, sai ga haske ya cika ɗaki har mai gyaran takalmi na tsallake ya tafa. Ashake ta sa wa Dotun albarka har muryarta ta dushe, kuma har zuciyarta ta yi. Wace uwa ce ba ta son a ga surukinta ya fitar da ita kunya? Ranar ta tura aka sayo wa rabin layin amala da miyar ewedu.

Abin bai fara da ƙarfi ba. Da fari wuya ne, don in za ta karanta layi ɗaya sai ta juya kai daga wannan bango zuwa wancan. Sai ciwon kai daga azahar. Sai hawaye. Sai ta lura haruffan sun yi wani gashi-gashi a gefe, jan rubutu kuwa narkewa yake yi ya shiga cikin na kusa da shi. Ta goge tabarau, ta sake gogewa, ta matso da kujera, abin ya ƙara lalacewa. Kafin la'asar ko takardar hannu ta ɗauka sai ta ga layukan suna iyo.

Sai ranar da Alhaja Sariyu ta faɗo shagon, gwaggwaronta ya karkace don fushi, ta dangwara katin bikin ɗanta a kan teburi.

"Iya Alami, ɗa na haifa ko fili na saya?"

"Alhaja, ku zauna mana. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Dubi nan. Ƙarƙashin hoton ɗana, injiniya guda, me kika rubuta? Gonar amarya! Dangin yarinyar nan tun jiya suke bugo waya suna tambaya ko rogo za su shuka a kansa ko masara."

Ashake ta kai katin bakin ƙofa inda haske yake. Ga shi kuwa da jan rubutu. Inda ya kamata a ga *ọkọ*, miji, an bar *oko*, gona. Ɗigo biyu ne suka faɗi. Ta gode wa Allah a zuci da abin ya tsaya a gona, don da wata 'yar sanda ta hau kan harafin ƙarshe, abin da zai fito ba ya faɗuwa a gaban surukai. Ta ba da haƙuri, ta ce za a sake bugawa kyauta. Alhaja ta fita tana cewa in Iya Alami ta fara irin wannan, to duniya ta zo ƙarshe.

Kuskuren yatsa ba komai ba ne, kowa na yi. Abin da ya kashe mata jiki shi ne ta duba katin nan a allo, ta sake dubawa kafin ta tura, idonta bai gaya mata komai ba. Sai mahaifiyarta ta faɗo mata a rai. Matar marina ce, mai zanen adire da ake zuwa saye daga nesa, kuma tana kusan shekarun Ashake na yanzu ta fara cewa rana ba ta fitowa sosai kwanan nan. Daga nan ta fara zuba shuni a inda ba nan ba. An kai ta asibiti da ƙafarta, ta dawo da sanda. Ashake ce ta riƙa jan ta zuwa masallaci, ita ta riƙa ɗora mata hannu a bakin kwano. Ta san hanyar nan tun daga farkonta har inda ta ƙare, kuma tsoro ya kama ta irin wanda bai taɓa kama ta ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Asibiti kuwa ko hanyar ba ta so ta bi, don gani take muddin ba a faɗa da baki ba, to bai tabbata ba. Talabijin ɗin fa? Ko sau ɗaya ba ta zarge ta ba. Abu sabo fil, babba, mai tsada, daga hannun suruki, ta yaya za a ce shi ne mai laifi? In ma ta kasa gani a abu mai wannan girma, ai magana ta ƙare. Sai ta riƙa sayen maganin ɗigawa a kemis, ta daina faɗa da maƙwabta, ta rage cin abinci. A gida mijinta, Baba Morayo, ya tambaya sau ɗaya, ta ce zafin gari ne, ya ce to.

Ana cikin haka aka kawo mata ɗan littafin jana'izar wani dattijo na unguwar Oje, da kirarin zuri'arsu shafi guda cur. Irin wannan kirari in aka karkatar da murya wuri ɗaya, sai a mai da jarumi ɓarawon akuya, kuma jikoki za su karanta a gaban jama'a. Ta buga shi da yatsun da suka san hanya, ta ɗaga kai don ta duba, ta ga hazo. Ta daɗe a zaune. Sannan ta kwafe aikin a filashi, ta gyara ɗaurin zane, ta tsallaka titi zuwa shagon da ta yi shekaru tana wucewa ba ta leƙa ba.

Ba wani babban abu ne ya raba ta da Mama Kofo ba. Ashake ce ta taɓa cewa a gaban mutane rubutun Mama Kofo kamar kaza ta bi ta kan tawada, magana ta koma, shi ke nan aka koma gaisuwar nesa.

Mama Kofo ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "A'a! Yau kuma wa ya mutu? Ko talabijin ɗin ce ta kore ki daga shagon don ba wuri?"

"Ki yi abin da za ki yi, Kofo. Aiki na kawo miki."

"Ni? Kazar?"

"Ke." Ashake ta ajiye filashin, muryarta ta yi ƙasa. "Ki duba min shi. In kin ga da gyara ki gyara. Masu zuwa wurina ma, zan fara turo miki su. Idona ya tafi, Kofo. Irin na mahaifiyata."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Mama Kofo, don ita ma ta san tsohuwar, ta sha cin ƙosai a hannunta. Ta soka filashin ta buɗe shafin a ɗan allonta, wanda bai fi faifan tankaɗe biyu ba. Ashake tana tsaye a bayanta, ta kau da kai don kada ta ga abin da ba za ta iya gani ba. Amma hali ba ya barin mutum. Ido ya zame ya sauka a shafin.

"Tsaya. Layi na uku, wancan harafin babu ɗigonsa."

Mama Kofo ta sa.

"Na ƙasansa kuma sandar ta juya baya, hawa ce ba sauka ba. Ke ba kya gani ne? Ga wani can a ƙarshe, kusa da sunan kakansa."

Mama Kofo ta cire hannu daga kan madannai, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. "Ashake. Daga ina kike karanta wannan?"

"Daga ina kuwa, daga nan."

"Daga nan ɗin, a tsaye, ta saman kaina, ba ki ko sunkuya ba. Ni da ke zaune sai da na matsa. Wace irin makanta ce wannan, ta gidanku?"

Ashake ta sake kallon allon. Ga haruffa nan tsaf, baƙi baƙi ne, fari fari ne, kowane ɗigo yana zaune a ƙarƙashin harafinsa kamar an ɗiga da biro. Ta rufe idon dama, tana gani. Ta rufe na hagu, tana gani. Ta zauna a kan kwalin takarda ba ta sani ba.

Mama Kofo ta ja ta suka tsallaka, ta zauna a kujerar Ashake, ta buɗe shafin a talabijin. Ta matsa gaba, ta ja baya, ta cire tabarau, ta mayar.

"To in makanta ce, mu biyu muka makance. Wannan kika wuni kina kallo wata da watanni? Baiwar Allah, wannan ta kallon ƙwallo ce, a kafa ta a bango mutum ya kishingiɗa can nesa yana cin gyaɗa. Ita fuska ta sani da ciyawar fili, ba ruwanta da ɗigonki. Ke kuma kin zo kin manna mata hanci kamar mai shinshina miya."

"Dotun ya ce haka suke yi a ofis."

"A ofis zane suke nuna wa juna daga ƙarshen ɗaki. Dotun ya taɓa buga kirarin wani?"

A nan ne Ashake ta fashe da kuka, irin kukan da mutum yake yi bayan an sauke masa kaya, ba kafin ba. Mama Kofo ta bar ta ta yi mai isarta, tana bubbuga mata baya tana cewa kaza dai ta yi rana.

Washegari suka shiga mota ɗaya zuwa kasuwar Dugbe. Masu shago suna ganin iyaye mata biyu da jaka suka yi ca, kowa na nuna babba, kowa ya kunna hoton kifaye masu launi suna yawo a ruwa.

"Mama, ku dubi wannan! Kamar ku sa hannu ku kamo."

"Kifi na ce maka na zo saya? Kashe. Sa wannan."

Filashin ta miƙa. Shafi ɗaya ta shirya a ciki, ba komai sai haruffa masu ɗigo da marasa ɗigo a jere, manya da ƙanana, baƙaƙe da jajaye. Duk allon da aka nuna mata sai an buɗe shafin, ta jawo kujera ta zauna, ta miƙa hannu ta auna nisan da take zama a shago, sannan ta karanta. Wani ta ce jansa yana zuba. Wani da ta leƙa ta gefe sai rubutun ya dushe. Wani mai sheƙi ta ga fuskarta da ta Mama Kofo da motocin titi a ciki, ta ce madubi tana da shi a gida, kuma shagonta ƙofa yake kallo. Wani mai shago ya ce bai taɓa ganin mai sayen monita da ta zo da jarrabawa ba. Mama Kofo ta ce ya gode wa Allah ba shi aka zo aura ba.

A wani lungu suka same shi, na hannu, matsakaici, fuskarsa ba ta ƙyalli, wuyansa yana hawa yana sauka. Mai shagon ya kama gefensa ya juya shi ya tsaya a tsaye, sai ga shafi guda cur daga sama har ƙasa, kamar takarda a bakin tafireta. Ashake ta karanta mafi ƙanƙantar layin har ƙarshe ba ta ƙifta ba. Ta ɓata fuska don kada ya gane, aka yi ciniki irin na Dugbe, ta yi fushi ta tafi, aka kira ta ta dawo.

Saura suruki. Wannan ma Mama Kofo ce ta warware a cikin mota. Da suka iso Ashake ta buga wa Dotun waya ta ce abu mai daraja irin wannan ba na shago ba ne, yara suna shigowa suna taɓawa da hannun manja, za ta kai shi falo inda baƙi za su gani su san irin surukin da Allah ya ba ta. Dotun ya ji daɗi har yana cewa zai turo mai kafawa a bango. Ta kuma yi wa Mama Kofo alkawarin za ta je a auna mata ido, tunda yanzu ba ta tsoron abin da za a ce.

Da la'asar tana zaune gaban sabon allon, ta gama kirarin dattijon Oje, sai ga Baba Morayo ya zo tafiya da ita gida. Ya tsaya a ƙofa yana kallon talabijin ɗin a jingine da bango, yana kallon matarsa da ke 'yar waƙa.

"Baba Morayo, ku shigo ku ji abin kunya. Ashe ni nan na ɗauka makancewa nake yi."

Ta kwashe duka ta gaya masa, tana dariya tana share ido. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Na sani," ya ce.

"Kun san me?"

"Na ga kina rufe ido ɗaya kina kallon kalanda. Na ga kina lalubar bakin kofi kafin ki zuba ruwa, kina gwadawa." Ya dube ta, ya ci gaba. "To yanzu ni da nake zuwa wurin tsohon hedimasta na bayan tasha, yana koya min do-re-mi kamar ɗan aji ɗaya, sai in yi yaya?"

Ashake ta saki baki. Da do-re-mi ake koya wa yara hawa da saukar murya a makaranta, shi kuwa mutumin nan tunda take da shi ko sunansa bai taɓa sa wa sanda ba.

"Me kuke yi da do-re-mi da tsufanku?"

"Na ce in abin ya zo, ke yatsunki sun san hanya. Sai ki riƙa bugawa, ni ina duba miki." Ya gyara murya, ya ɗaga yatsa yana kaɗawa. "*Igba*. Re-mi, ƙwarya. Do-do, lokaci. Do-mi..." Ya tsaya yana lalube.

"Gauta," ta ce a hankali.

"Gauta. Kullum a nan nake faɗuwa. Hedimasta ya ce kaina ya yi tauri." Ya dubi allon, ya dube ta. "Tunda kin warke, gobe sai in je in ce masa na daina."

Ashake ta juya ta fuskanci allon don kada ya ga fuskarta, ta daɗe tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Sannan ta sa ƙafa ta turo masa kujerar baƙi kusa da tata.

"Wa ya ce ku daina? Ku zauna. Ku fara daga layin farko, da ƙarfi, ina ji."